Komawar Ruwan Lambu Cikin Rijiya: Haɗarinsa da Hanyoyin Kariya

Idan daga rijiya ko burtsatse ɗaya kuke sha kuma kuke ban ruwan lambun gida, ku sani cewa ruwan da ya riga ya fita yana iya komawa ciki tare da ƙazanta.

Yaya hakan ke faruwa?

Da zarar injin jan ruwa ya tsaya, misali an ɗauke wuta, ruwan da ke cikin bututu yakan gangara ƙasa yana zuƙo abin da ke bakin tiyo. In bakin tiyon na nutse cikin bokitin maganin feshi, jiƙon taki, kwamin dabbobi ko kwata, abin da ke ciki zai iya binsa har rijiya.

Illolinsa ga lafiya

- Kashin dabbobi na kawo gudawa, bayan gidan mutum kuma na yaɗa kwalara da taifot.
- Taki na ɗauke da sinadarin naitiret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha. Ya fi cutar da jarirai 'yan ƙasa da wata 6 da ake dama wa madara da ruwan, domin yana hana jini ɗaukar iskar oksijin. Tafasa ruwa ba ya cire shi.
- Wasu magungunan feshi na jawo amai, gumi, dalalar miyau da sarƙewar numfashi.

Yadda za ku kare rijiyarku

1. Kada ku bar bakin tiyo cikin ruwa. Tazarar da ke tsakanin bakin bututu da leɓen tanki ko bokiti ta kai ninki 2 na faɗin bututun, kuma kada ta gaza santimita 2.5.
2. Ku sa mai gyaran famfo ya ɗaura bawul mai hanya ɗaya a kan injin, da wani a inda bututun lambu ya rabu da na gida.
3. Bawul kaɗai bai isa ba idan ana haɗa taki ko magani a ruwan, domin yashi kan maƙale ya hana shi rufewa. A nan lambu na buƙatar tankinsa daban, wanda ake cikawa ta sama.
4. A duba bawul aƙalla sau ɗaya a shekara. In injin na daɗewa yana fitar da iska kafin ruwa ya zo, mai yiwuwa bawul ɗin na yoyo.

Yaushe za ku je asibiti?

Idan ruwa ya sauya launi, wari ko ɗanɗano, ku daina sha har sai an gwada shi. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, sannan a kai shi asibiti. Ku garzaya nan take idan leɓen jariri ya yi shuɗi, ko wani ya nuna alamun guba. Kada ku sa shi amai, kuma ku tafi da kwalbar maganin domin likita ya gani.