Shaidu Huɗu a Kan Tarihin Kano

Kowa ya taɓa zama a majalisar alƙali ya san ba a yanke hukunci da bakin shaida ɗaya. Haka sha'anin tarihi ya ke. Masanan da suka bi diddigin labarin Kano sun ga ba ya samuwa sai malamin Larabci da mai tonon kufai da masanin harsuna da mai sauraron tsofaffi sun haɗa kai, kowa ya kawo abin da ke hannunsa a gwada da na ɗan'uwansa.

Shaida na farko shi ne littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Ya jera sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Littafin ya faɗi yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado, amma bai faɗi shekarar hawansa ba. Wani Bature, Mista Palmer, ya juya shi da Turanci a 1908, ya riƙa ƙidayar shekarun nan da baya da baya, har lissafi ya kai shi ga cewa Bagauda ya hau a 999, Yaji ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Muhammadu Rumfa kuma daga 1463 zuwa 1499. Wani ɓangare na lissafin nan ya sami mai gaskata shi daga waje, gama littattafan malaman Timbuktu sun san Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Rumfa, ya rasu wajen 1504.

To, littafin ya ce a zamanin Yaji ne Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, su wajen 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. An daɗe a kan wannan magana, har 1968, sa'ad da Malam Muhammad al-Hajj ya fito da wata takarda mai suna Asalin Wangarawa, wadda aka rubuta wajen 1650. Ita kuwa cewa ta yi zamanin Rumfa Zaite ya iso Kano. Kun ga takarda biyu, duka da Larabci, tsakaninsu akwai saɓanin kamar shekara 100. A nan ne ya zama dole a kira waɗansu shaidu.

Masanin harsuna ba ya buɗe kundi, maganar da ke bakinmu ya ke aunawa. A 1960 wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya nuna cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barebari suka shigo Hausa, haka kuma sunayen sarautu irin su Galadima da Ciroma. Mutum ba ya aron sunan abu sai daga wanda ya gan shi a hannunsa. Ashe ke nan ilimi bai shigo ƙasar Hausa ta ƙofar yamma kaɗai ba, akwai ƙofar gabas ta Barno, wadda labarin Wangarawa bai ba ta haƙƙinta ba.

Shaida na uku tsofaffi ne da mawaƙa. Su ne suka riƙe labarin Abagayawa, maƙeran da a ke cewa kakansu Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka gindin Dala. Suka kuma riƙe Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965. Jerin sarakunan da ke cikinta bai yi daidai da na littafin ba ko'ina, sai an aza su gefe da gefe a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Shaida na huɗu ƙasa ce da kanta. Masu tonon kufai sun sami wurin narkar da tama a Dala, suka ɗebi gawayin da ke ciki aka auna. Akwai wani sinadari cikin kowane itace wanda ke raguwa sannu a hankali bisa ƙa'ida tun daga ranar da aka sare shi, da shi a ke gane tsufan gawayi. Awo ya nuna wajen ƙarni na 7, watau kamar shekara 300 kafin Bagauda. Nan fa ƙasa ta goyi bayan tsofaffi: maƙera sun riga sarakunan littafi zama a Dala.

Ku duba, 'yan'uwa masu karatu, babu ɗaya cikin shaidun nan da ya isa shi kaɗai. Littafi ya san sarakuna, harshe ya san baƙin da aka yi cuɗanya da su, tsofaffi sun san talakawa, gawayi ya san shekaru. Amma shaidu suna mutuwa. Gara tana cin takardun da ke cikin gafaka, tsoho yana tafiya da abin da ke kansa, masu ɗibar ƙasar gini suna cinye ganuwa. Wanda duk ya iya karatu da rubutu yana da aiki a nan. Ya zauna gaban dattijon unguwarsu, ya rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ya sa sunan mai maganar da ranar da aka yi ta. In kuwa ya gaji tsofaffin takardu, ya kakkaɓe su, ya ajiye su inda ruwa da gara ba su kai.