Yadda Aka Tilasta wa Asibitoci Su Faɗi Sakamakon Aikinsu

Duk wanda ya kai ɗan'uwansa asibiti, abu guda ya ke so ya sani, watau ko mutanen da a ke kwantarwa a wannan gida suna fita da ƙafafunsu. A zamanin da ba mai iya ba shi amsa, ko da likitan ne kansa, gama ba a ƙidayawa. An san yawan gadaje, an san kuɗin da aka kashe, amma wa ya warke, wa ya mutu, wa ya koma gida da sabon ciwo, wannan sai Allah. A ƙasar Amurka jihohi da dama sun kafa doka cewa lalle asibiti ya riƙa aika wa Gwamnati lissafin waɗannan abubuwa, ita kuwa ta buga kowa ya gani. Kafin a kai ga haka sai da aka yi shekara fiye da 130 ana ja-in-ja.

Asalin maganar daga Ingila ne. A shekarar 1854 Turawan Ingila suna yaƙi da Rasha, sai aka aika wata mace mai suna Florence Nightingale da mata 38 masu jiyya zuwa asibitin soja na Scutari, daura da birnin Istambul. Ita mai son lissafi ce ƙwarai. Da aka ƙidaya, sai aka ga cuta ta fi harsashi kashe sojoji nesa ba kusa ba. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane majiyyaci 100 kamar 42 su ke mutuwa. Gwamnati ta aiko da masu duba tsabta, aka yashe magudanai, aka gyara ruwan sha, aka buɗe wa iska hanya. Kafin watan Yuni ya ƙare masu mutuwa sun koma kamar 2 cikin 100.

Da ta komo gida sai ta shirya takardun cikewa iri ɗaya domin dukan asibitoci, don a auna kowa da mudu guda, ta gabatar da su a wani babban taron masana lissafi a Landan a 1860. Waɗansu asibitocin Landan suka gwada, ba a jima ba suka watsar, domin aikin yana da yawa, ba kuwa dokar da ta tilasta musu.

Bayan kamar shekara 50 sai wani likitan tiyata na birnin Boston a Amurka, Ernest Codman, ya ɗauki zancen. Shi ra'ayinsa a buɗe wa kowane majiyyaci kati, a bi labarinsa har shekara guda bayan an sallame shi, a ga ko aikin ya yi amfani. In bai yi ba, a rubuta dalili, ko kuskuren likita ne, ko rashin kayan aiki, ko ciwon ne ya fi ƙarfin magani. A 1911 ya buɗe ɗan ƙaramin asibitinsa. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma shi da nasa ya fara. Ya buga labarin majiyyata 337 da aka sallama daga 1911 zuwa 1916, ya kuma jera kurakurai 123 da aka yi musu. A 1915, a tsakiyar taron likitoci, ya warware wani babban zane na jimina ta tusa kanta cikin rairayi tana zubo ƙwan zinariya. Nufinsa masu dukiyar Boston ba su tambayar sakamako, likitoci kuwa ba su so a tambaya, muddin kuɗi na shigowa. Abokan aikinsa suka fusata, suka juya masa baya. Ya rasu a 1940, kabarinsa ko dutsen shaida ba a kafa masa ba sai a 2014.

Duk da haka ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta aika masu dubawa su zaga manyan asibitoci 692 a 1918. Guda 89 kaɗai suka cika ƙa'idodin da aka gindaya. Da aka taru a birnin New York a 1919 an faɗi jimlar, amma takardar da ke ɗauke da sunayen asibitocin sai aka jefa ta wuta a masaukin da aka yi taron, don kada 'yan jarida su gani. Haka aka daɗe ana tafiya: likitoci su duba junansu, su riƙe asirin junansu.

Abin da ya sauya al'amarin kuɗi ne. Tun daga 1965 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki biyan kuɗin asibiti na tsofaffi, kuɗin kuwa kullum sai hawa ya ke yi. Mai biya kuwa dole ya so ya san abin da ya saya. A 1986 ta buga jerin asibitocin da mutuwa ta yi yawa a cikinsu. Sai aka tarar wanda ya fi kowa yawan mamata wani gida ne a jihar Nevada inda a ke jiyyar waɗanda likitoci suka riga suka ɗebe tsammaninsu. Ashe mudun ne ba daidai ba, don ba a auna tsananin ciwon da mutum ya shigo da shi yadda ya kamata ba. A 1993 aka daina buga wannan jeri.

Amurka jihohi 50 ne, kowace da gwamnanta da majalisarta, kuma jiha ce ke ba asibiti izinin aiki. Saboda haka jihohi suka shiga maganar da ƙarfin doka. A 1986 jihar Pennsylvania ta kafa hukuma wadda dole kowane asibiti ya ba ta lissafinsa. A 1989 jihar New York ta fara karɓar labarin duk wanda aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya: shekarunsa, da ƙarfin zuciyarsa, da ko yana da ciwon sukari ko na ƙoda, sa'an nan a lissafa mutum nawa a ke tsammanin su mutu, a gwama da waɗanda suka mutu. Da farko sunayen asibitoci kaɗai aka bayyana. Jaridar Newsday ta kai ƙara, ta yi nasara, a 1991 aka buga har da sunan kowane likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗansu likitocin da ba su saba aikin ba suka bar shi, asibitocin da suka sha kunya suka gyara shirinsu. Daga 1989 zuwa 1992 masu mutuwa a wannan tiyata suka ragu daga kamar 35 cikin 1,000 zuwa kamar 28.

Amma ga wata illa ta ɓullo. Likitan da ya san za a buga sunansa yana iya gudun majiyyacin da ciwonsa ya yi tsanani, don kada ya mutu a hannunsa ya ɓata masa lissafi. Wani bincike da aka buga a 1996 ya tambayi likitocin Pennsylvania, sai 63 cikin 100 na masu tiyatar zuciya suka ce sun rage son taɓa irin waɗannan majiyyata. Watau wanda ya fi kowa bukatar taimako shi ne ya fara rasa mai karɓarsa.

Dokokin kuwa suka yi ta faɗaɗa. A 2006 Pennsylvania ta buga, asibiti bayan asibiti, yawan mutanen da suka kamu da wata cuta a kan gadon jiyya cikin 2005, aka sami 19,154. Jihar Minnesota ta yi doka a 2008 wadda ta haɗa har da ƙananan ɗakunan shan magani, tun daga 2010 suka fara ba da rahoton yadda su ke kula da masu ciwon sukari da makamantansu. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta yi doka a 2003 cewa asibitin da ya ƙi kawo rahoto za a rage masa kuɗin da a ke biyansa.

Wannan tarihi ya nuna cewa asibitoci ba su dawwama a kan ƙidayar sakamakonsu ba sai da doka ta tsaya a kansu, kuma inda aka ƙidaya da gaskiya an tsirar da rayuka, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya kuma nuna ƙidaya ba ta da amfani sai mudu ya daidaita. Saboda haka wanda aka nuna wa irin wannan lissafi, kada ya tsaya ga yawan waɗanda suka mutu kawai. Ya tambaya waɗanne irin majiyyata ne asibitin ya karɓa, waɗanne ne kuma ya mayar daga bakin ƙofa.