Gulbin Kabi A Cikin Taswirorin Da

Masuncin Argungu ba ya bukatar takarda kafin ya san gulbinsa. Ya san gurbi, ya san mashigi, ya san tafkin da ke riƙe ruwa har bazara da wanda ke ƙafewa tun kaka. Manomin shinkafa na fadamar Birnin Kabi ma haka ya ke. Amma akwai wani sani dabam wanda a ke zanawa a takarda saboda baƙo da mai mulki, shi a ke kira taswira. Labarin yadda wannan gulbi ya shiga taswira shi za mu bayar a nan, gama abin ya taɓa iyakar ƙasa, ya taɓa haraji, ya taɓa ruwan da a ke noma da shi.

Da fari sai mu san gulbin kansa. Gulbin Rima ya gangaro daga arewa maso gabas, ya gamu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato. Daga nan suka zama ɗaya, suka karkata kudu, suka bi ta Argungu da Birnin Kabi, suka karɓi ruwan Zamfara da na Ka, kana suka faɗa Kwara gabas da Illo. Ba irin kogin nan ba ne mai gaɓa biyu tsayayyu. Fadama ce mai faɗi ƙwarai, ruwa na yawo cikinta, bana ya bi nan, baɗi ya bi can, ya bar tafkuna a bayansa. Wurin da yaro ke ƙetarewa da ƙafa da rani, da damina sai da jirgi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne ya wahal da duk wanda ya yi niyyar zana shi.

Taswirorin da Turawa suka fara yi na ƙasashen nan, da ji aka yi su, ba da gani ba. Cikin 1550 aka buga littafin wani mutumin Fas mai suna Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Ya ambaci Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, bai ambaci Kabi ba, alhali kuwa a zamaninsa ne Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya, wajen 1516, ya kafa mulkinsa a Surame. Ya kuma ce Kwara yamma ta ke gudu. Masu zanen Turai suka yi fiye da shekara 200 suna kwafar juna a kan haka. Su ja kogi miƙaƙƙe daga gabas zuwa yamma, su rataya masa sunayen ƙasashe kamar an shanya tufafi a igiya. Sai cikin 1796 Mungo Park ya isa Segu, ya ga da idonsa gabas ruwan ya nufa. Saura tambaya guda: ina ya ƙare?

Wannan tambaya ce Kyaftin Clapperton ya zo da ita Sakkwato cikin watan Maris na 1824. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da girma, suka yi ta zance kan addini da ciniki da ƙasashe. Bello kuwa ba baƙon wannan ilmi ba ne, gama tun 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri, inda ya bayyana ƙasashen Sudan da mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Clapperton ya ba da labari, ya ce Sarkin Musulmi ya zana masa Kwara a ƙasa, ya nuna masa ta faɗa teku. Amma taswirar da aka ba shi a takarda, mai rubutun Larabci, wadda aka buga a Landan cikin 1826, ta nuna Kwara ta miƙa gabas, har an rubuta a jikinta cewa ita ce ke kaiwa Masar. Hanyar Yawuri kuma, da ya roƙa a bar shi ya bi don ya ga kogin, ba a yarje masa ba.

Masana sun yi ta gardama kan wannan saɓani. Waɗansu suka ce mai zanen ya bi abin da ke cikin littattafan Larabawa na da ne kurum. Waɗansu suka ce da gangan aka yi. A ganinmu magana ta biyu ta fi ƙarfi. Sarkin da fatake ke zo masa daga Nufe da Gwanja da Tarabulus, wanda kuma ya ji abin da Ingilishi suka yi a ƙasar Hindu, ba zai rasa sanin inda ruwa ya nufa ba, ba kuwa zai yi gaggawar nuna wa baƙo ƙofar bayan gidansa ba. Ko yaya dai, jinkirin bai daɗe ba. Cikin 1830 Richard Lander, baran Clapperton, da ƙanensa John suka zo Yawuri da Busa, suka shiga jirgi, suka bi ruwa har inda Kwara ta rarrabu kamar yatsun hannu ta shiga teku. Ran nan aka tabbata ruwan da ke wucewa ta Matan Fada shi ke fita can bakin teku, a ƙasar Ijo.

Wanda ya fara auna fadamar Kabi da kansa shi ne Dokta Barth, Bajamushe, wanda a ke kira Abdulkarim. Ya sauka Gwandu cikin watan Mayu na 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. A nan ne ma ya sami littafin Tarihus Sudan, wanda a ciki akwai labarin Kanta, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Cikin watan Yuni ya tashi ya bi ta Kambaza da Gulumbe, ya zo Birnin Kabi, ya ga kufan tsohon birni wanda masu jihadi suka ci cikin 1805, ya tsaya bisa tudu ya hangi fadama shimfiɗe, sa'an nan ya ƙetare ta zuwa Zogirma, ya nufi Sayi da Tambutu. Ya komo ta wannan hanya da daminar 1854, saboda haka ya ga gulbin sau biyu, da farkon ruwa da tsakiyarsa.

Ga yadda ya ke aikinsa. Yana bisa doki, da agogo, da ɗan ƙarfen nan mai allura da ke nuna arewa, watau kamfas. In hanya ta karkata ya duba allura ya rubuta, ya duba agogo ya rubuta minti nawa aka yi ana tafiya. Da ya ke ya san gwargwadon abin da ayarinsa ke ci cikin sa'a guda, sai minti ya zama nisa. Da dare kuma ya tara fatake da alhazai, ya tambaye su zango nawa ne daga gari kaza zuwa gari kaza. Wani gwanin zane mai suna Petermann ne ya tattara waɗannan rubuce-rubuce ya mai da su taswira, aka buga cikin littattafansa guda 5 a 1857 da 1858. Sai dai Barth bai taka Argungu ba. Tun 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa, Zabarmawan Doso da Arawa da mutanen Dandi suka goya masa baya, ana yaƙi da Gwandu da Sakkwato. Baƙon Gwandu ba shi da hanyar zuwa can. Don haka garuruwan Gwandu suka shiga taswirarsa da awo, Argungu kuwa ta shiga da jin baki.

Daga nan taswira ta tashi daga hannun matafiya ta koma hannun masu rabon ƙasa. Cikin 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Cadi, suka ce duk abin da ke na daular Sakkwato na Ingila ne. To, Argungu fa, ta Sakkwato ce? Wani hafsan Faransa mai suna Monteil ya biyo ta Argungu cikin 1891, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, ya ga gari ne mai cin gashin kansa, ba ya kai gaisuwa ko'ina, ya koma ya faɗa. Wannan ya ba Faransawa bakin magana. Da aka sake zama a Faris cikin 1898 sai aka yi abin da ba a taɓa ji ba a ƙasar Hausa: aka kafa tsinin abin zana da'ira a kan birnin Sakkwato cikin taswira, aka buɗe shi mil 100, aka ja baka, aka ce ga iyaka, ta haɗu da Dallol Mauri ta gangara Kwara. Argungu, da ke wajen mil 60 daga Sakkwato, ta faɗo ciki. Cikin 1902 sojan Ingilishi suka iso ta, Sama'ila ya karɓe su ba da yaƙi ba.

Bakan nan bai san rijiya ba. Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ruwa, suka nemi a gyara. Aka gyara cikin 1904, aka ƙara tabbatarwa cikin 1906, Birnin Ƙonni da babban yanki na Arewa suka koma wajensu. Abin da suka bayar a madadi, haƙƙin kamun kifi ne da su ke da shi a gaɓar wani tsibiri mai sanyi can wajen Kanada, sunansa Newfoundland. Kabawa, waɗanda su ne iyayen su, ba wanda ya gaya musu da kifin wata ƙasa aka sayi ƙasar maƙwabtansu. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi layin da ƙafa, suna duban taurari da dare don su san inda su ke, suka kafa turaka 148 daga Kwara zuwa Cadi. Shi ya sa Kamba da Kangiwa su ke Nijeriya, Gaya da Doso da Dogon Dutsi su ke Nijar.

Taswirorin da suka biyo baya na haraji ne. Joji ko Di'o ya fita rangadi da kamfas, malaman En'e na biye da shi suna rubuta sunan ƙauye da yawan mutane da shanu, a koma a zana gunduma a manna ta a bayan rahoto. Ba su da kyan gani, awonsu kuma na kimantawa ne, amma suna da abin da sauran ba su da shi, watau sunayen ƙananan ƙauyuka da tungayen masunta, waɗanda da yawa daga cikinsu sun tashi ko ruwa ya ci. Irin waɗannan rahotanni na Lardin Sakkwato suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna.

Bayan yaƙin duniya na biyu aiki ya sake. Cikin 1946 Ingila ta kafa ofishin safiyo na ƙasashen da ke ƙarƙashinta, aka shiga ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. Jirgi ya bi layi miƙaƙƙe yana ɗauka, kowane hoto ya haɗa da fiye da rabin na bayansa. In aka jera biyu a ƙarƙashin wani irin tabarau sai tudu ya taso, kwari ya faɗa, kamar mutum na leƙowa daga sama. Da haka aka yi taswirorin da ke nuna tudu da kwari, masu ma'aunin 1 cikin 50,000, watau inci guda a takarda ya tsaya a madadin abin da ya ɗan gaza mil guda a ƙasa. Ruwa shuɗi ne, tudu kuwa da layuka masu ruwan ƙasa a ke nuna shi, ko wane layi ya bi wuraren da tsawonsu daga teku ya ke daidai, tsakanin layi da layi yawanci ƙafa 50.

A tudun Birnin Kabi wannan awo ya yi amfani, gama gangaren na da tsawo. A cikin fadama kuwa bai ce kome ba. Manomi ya san bambancin ƙafa ɗaya ko biyu shi ke raba gonar da shinkafa za ta yi da wadda za ta nutse, da wadda ruwa ba zai kai ba sam. Duk wannan ya ɓace tsakanin layi biyu, sai 'yan alamun ciyawa da aka barbaɗa don a nuna wuri ne mai cika. Ga kuma wani abu. Jirgi ba ya ɗaukar hoto ta cikin hadari, saboda haka bayan ɗaukewar ruwa a ke aikin. Gulbin da ke cika ya batse a watan Agusta da Satumba, sai ga shi a takarda siriri kamar zare.

Masu son tare ruwan sun lura da wannan gibi. Cikin shekarun 1960 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta auna ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato, ta fitar da rahotonta cikin 1969. Bayan haka aka gina madatsar Bakalori kusa da Talatar Mafara, aka gama cikin 1978, aka gama ta Goronyo a kan Rima cikin 1984. Ruwan da ya kan zo gaba ɗaya ya malale fadama ya ragu, gonakin shinkafa da yawa na ƙasa da madatsar suka daina samun cika, kifi ya yi ƙaranci, mutane suka koma ga rijiyar burtsatse da injin ban ruwa. Suka kuma matsa da gonaki da gidaje cikin wuraren da kakanninsu ke gudu. Da ambaliya ta zo cikin Satumba na 2010, ta sake zuwa cikin 2020, ta ci garuruwa da shinkafa mai yawa a Jihar Kabi. Ruwa in ya yi yawa tsofaffin hanyoyinsa ya kan nema, su kuwa a tsofaffin hotunan jirgi da taswirorin da aka yi kafin madatsu a ke ganinsu sosai. Tun 1972 taurarin ɗan adam ke ɗaukar hoton ƙasa rani da damina, amma abin da ya gabaci wannan shekara sai a takardun nan.

Wanda ya sami ɗaya daga cikinsu, a ofishin safiyo ko a makaranta, kafin ya nemi sunan garinsu ya fara duba gefen takardar daga ƙasa. A nan a ke rubutawa da ƙananan baƙaƙe shekarar da jirgi ya ɗauki hoto da shekarar da aka buga, sau da yawa kuwa akwai shekaru tsakaninsu. Gulbin da ke jikin takardar na shekarar hoton ne, na ranin wannan shekara.