Wane suna masu fentin ƙananan mutum-mutumi ke kiran kansu?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai dimbin mutane da ke cinye lokacin hutunsu wajen fentin ƙananan mutum-mutumi: sojoji, mahaya dawaki, sarakunan da, da dodannin tatsuniya, waɗanda yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Ana sayar da su babu launi, na ƙarfe ko na roba. Wanda ya saya shi zai zauna da siririn buroshi ya sa musu riga da takalmi, ya fitar musu da ido da gira. Akasarin masu wannan aiki manya ne, magidanta da ma'aikata, kuma don sha'awa suke yi.

Ba su da suna guda ɗaya. Sunan da kowa ke amsawa ya danganta da harshensa, da kuma abin da yake yi da mutum-mutumin bayan fenti ya bushe. Wani wasa yake yi da shi, wani ajiyewa yake yi cikin kabad mai gilashi, wani kuma gasa yake kai shi.

A Faransanci

Sunan da ya fi dacewa da su a Faransanci shi ne "figuriniste", daga kalmar "figurine", wato ƙaramin mutum-mutumi. Ya haɗa mai sassaƙawa, da mai fenti, da mai tarawa. Wanda yake son ya nuna fenti ne kawai aikinsa yakan ce shi "peintre de figurines" ne.

Akwai wasu sunaye biyu da ke kusa da wannan, amma kowane da gurbinsa. "Maquettiste" shi ne mai harhaɗa ƙaramin samfurin jirgin sama, ko tankar yaƙi, ko jirgin ruwa, daga guntayen roba da ake sayarwa cikin kwali, irin na kamfanin Heller na Faransa ko Tamiya na Japan. A gidan jarida kuwa, "maquettiste" na nufin mai tsara shafuka kafin a kai maɗaba'a. "Modéliste" an fi faɗarsa ga mai ƙananan jiragen ƙasa, ko jirgi da mota da ake tuƙawa daga nesa. A wurin teloli kuma, shi ne mai fitar da samfurin ɗinki. Saboda haka wanda ya ce shi "modéliste" ne a Yamai ko Maraɗi, kaya za a kawo masa ya ɗinka.

Kalmar da ta fi ruɗar mutane

Da yawa sukan ɗauka "miniaturiste" ne sunan, tunda ƙananan abubuwa ake magana. Wannan suna yana da masu shi tun da daɗewa. Asalin kalmar "miniature" daga "minium" ne na Latin, wani jan launi da ake samu daga darma, wanda marubutan Turai na zamanin da ke ƙawata farkon babi da shi a littattafan da ake rubutawa da hannu. Da yake zanen cikin littafi ƙarami ne, sannu a hankali kalmar ta ɗauki ma'anar ƙanƙanta.

Don haka "miniaturiste" mai zane ne a kan shafi, ko mai zana fuskar mutum a kan ɗan ɓallin hauren giwa, kamar Jean-Baptiste Isabey, wanda ya yi wa Napoleon da iyalinsa irin wannan aiki. Ya fi kusa da mai zayyanar allo da mai jan tawadar Alƙur'ani na hannu, fiye da mai fentin sojan roba.

A Ingilishi da Jamusanci

Masu Ingilishi sukan ce "miniature painter", ko a taƙaice "mini painter". Wanda wasan yaƙi a kan tebur ya fi damunsa yakan kira kansa "wargamer", fenti a wurinsa hanya ce ta shirya runduna. Da yawa kuma "hobbyist" kawai suke cewa, wato mai aikin sha'awa, kuma a tsakaninsu idan an ce "the hobby" kowa ya san abin da ake nufi: haɗawa, fenti da wasa gaba ɗaya.

Jamusawa suna da tasu tsohuwar al'ada ta "Zinnfiguren", mutum-mutumin kuza masu faɗi kamar tsaba, waɗanda ake yi wa fenti gaba da baya. Masu su sun fi kiran kansu masu tarawa, ko da su ne ke yin fentin da hannunsu.

Yadda aka yi sunayen suka yi yawa

Tarihin abin ne ya rarraba sunayen. Tun ƙarni na 18 maƙeran birnin Nuremberg na Jamus ke zuba sojojin kuza, kuma gidan Heinrichsen da aka kafa a can a 1839 ya yi fice a kansu. A Paris, gidajen Lucotte da Mignot suka shahara da sojojin darma masu cikakken jiki. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba soja mai rami a ciki, darma kaɗan ke shiga, farashi ya sauka. A wancan lokaci kayan wasan yara ne, kuma a masana'anta ake yi musu fenti.

Daga baya manya suka shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta masu son tarihi, waɗanda ke bin littattafai don gano launin rigar kowace bataliya da yawan maɓallanta. A Ingila sun kafa ƙungiyarsu, British Model Soldier Society, a 1935. A Faransa garin Compiègne yana da gidan tarihi na musamman don irin waɗannan mutum-mutumi, haka ma garin Kulmbach a Jamus. Cikin rundunonin da masu wannan layi ke fenti har da sojojin tirayer masu jar dara, rundunar da Faransa ta kafa a 1857 a Senegal, wadda daga baya ta ɗebi samari daga faɗin Afirka ta Yamma, har da kakannin wasu ƴan Nijar.

Ƙofa ta biyu ita ce ta wasa. A 1913 marubuci H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin ƙa'idojin yaƙi da sojojin wasa. A 1974 aka fito da Dungeons & Dragons a Amurka, wanda ya shigo da mayu da dodanni cikin harkar. Kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975 kuma hedkwatarsa ke Nottingham a yau, ya fitar da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987. Ta wannan ƙofa yawancin matasan yau ke shigowa.

A 1987 ɗin ne kamfanin ya fara gasar fenti ta Golden Demon, inda zakaran zakaru ke tafiya gida da takobi. Irin wannan gasa ta ƙarfafa rukuni na uku: masu fenti don kallo kawai. Mutum zai iya share makonni a kan mutum-mutumi guda, kuma ba zai taɓa ɗora shi a teburin wasa ba. Su ne suka fi riƙe sunan mai fenti, har wasu na ɗaukar kansu masu zane kamar kowane mai zane.

Girma da yadda ake aikin

Ko daga girman abin da ke hannun mutum ana iya gane layinsa. Masu wasa sun fi amfani da na milimita 28 zuwa 32, ko na milimita 15 idan runduna babba ce. Masu tarihi da masu gasa sun fi son na milimita 54 ko 75.

Matakan aikin kusan ɗaya ne ga kowa. A kankare layin da mazubi ya bari, a manna guntaye, a fesa fentin share fage don launi ya kama. Sai a shafa launin tushe, a bi da tsinkakken fenti mai duhu wanda zai gangara cikin lunguna ya fitar da inuwa, a haskaka wuraren da suka taso, a rufe da man kariya. Fentin akirilik da ake tsinkawa da ruwa shi ya fi yawa. Ƙarfen da ake zubawa a yau galibi kuza ne marar darma, domin darma guba ce. Tsofaffin sojojin darma ba na hannun yara ba ne.

Amfanin sanin sunan

Akwai waɗanda sha'awar ta zame musu sana'a: ana aiko musu runduna su yi mata fenti a biya su. Su ma da nasu suna, masu fenti bisa oda, kuma sun fi samun ciniki wurin masu wasa da suka sayi abin da ya fi ƙarfin lokacinsu. Tarin da aka saya ba a taɓa ba har laƙabi gare shi a Ingilishi da Faransanci, wanda ke nufin tulin abin kunya.

Ga mai bincike a intanet, ko mai fassara, ko mai son yin odar kaya, kalmar ita ce mabuɗi. Wanda ya nemi "miniaturiste" zai faɗa cikin tsofaffin littattafai da hotunan sarakuna. Wanda ya nemi "maquettiste" zai ga jirage da tankoki. Mai neman masu fentin ƙananan sojoji da dodanni, "figuriniste" zai rubuta a Faransanci, "miniature painter" a Ingilishi. Abu guda da dukansu ba sa son ji shi ne a kira abin hannunsu ƴar tsana.