Matan da Suke Cikin Littafin Alƙali

Duk wanda ya zauna zai jera asalin gidansu a ƙasar Hausa, ba a kan maza zai sha wuya ba. Wane ɗan wane, har kakan kaka, akwai tsohon da zai lissafo masa. Matan ne ke sulalewa. Kakata ta wajen uwa sai da ta yi aure biyu kafin ta shigo gidan kakana, amma a gida ba a cewa komai sai "ai ta taɓa zama a Zariya".

A da, yawancin saki ba ya barin takarda. Miji ya furta, mace ta koma gidansu ta yi idda, magana ta ƙare. Ko da malamin unguwa ya rubuta takardar saki da ajami, a hannun matar take zama, cikin adaka ko ƙasan kwalla, kuma da ta sake aure amfaninta ya wuce.

Wadda ta shiga littafi ita ce wadda ta kai ƙara. Ta yi yaji, an yi biko ta ƙi komawa, ta je gaban alƙali neman hul'i. Nan za a zauna lissafin sadaki da abin da za a mayar wa miji, muhuti yana rubutawa. Bayan zuwan Turawa, dokar kotunan gargajiya ta 1906 ta ƙarfafa ajiye irin waɗannan littattafai, da farko da Larabci, daga baya da boko. Mai son ganin yadda rubutun zamanin yake sai ya duba shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994.

Ni dai ina ganin kuskure ne mai neman labarin waɗannan mata ya fara da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano. A fara da ɗakin tsohuwa. Littafin alƙali bai san sunan iyali ba. Hawwa ce ta yi ƙarar Audu, kuma Hawwa da Audu sun fi a ƙirga. Ga alkunya: matar da jikoki suka sani da Iya ko Goggo, da sunanta na yanka aka rubuta ta. Dole ka riƙe sunan ubanta, garin da aka yi auren, hakimin lokacin, da abin da zai tsayar maka da shekara, ko yunwa ce ko rasuwar sarki.

Sai kuma sa'a. Da aka mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, littattafai da dama sun yi zamansu a ɗakunan ajiyar kotuna. A wata kotu da na je neman na kakata, magatakarda ya ɗauko mini na shekarun da nake so, gara ta cinye gefen da ake rubuta sunayen masu ƙara.