Kwamfuta da kayan haɗinta: abin da mai koyon karatu ya kamata ya sani

Kwamfuta na'ura ce da ke karɓar rubutu, ta adana shi, ta kuma fito da shi duk lokacin da aka nema. A gundumomin Mayahi da Tasawa ana ganinta a ma'aikatun hukuma, da asibitoci, da shagunan da ake buga takardu. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai gamu da ita ko ba daɗe ko ba jima, in ba wajen neman takardar haihuwa ba, to wajen rubuta sunayen membobin ƙungiya.

Kamar yadda keke ba ya tafiya sai da feda da kaca da birki, haka ita ma kwamfuta ba ta aiki sai da kayan da ake haɗa mata. Akwai allon kallo, inda rubutu ke bayyana. Akwai linzami, wanda ake turawa da hannu don a nuna wurin da ake so. Turawa na kiransa ɓera saboda siffarsa, kuma wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya fara nuna shi ga jama'a a 1968. Akwai na'urar buga takarda, akwai kuma ƴar ma'ajiya ta USB da ake sakawa cikin aljihu. Amma abin da ya fi shafar mai koyon karatu shi ne madannai, wato allon haruffan da ake dannawa da yatsu.

Madannai iri biyu

Idan kuka duba jeren haruffa na sama, za ku ga ɗaya daga cikin abu biyu. Wasu madannan sun fara da A, Z, E, R, T, Y. Wannan tsarin Faransanci ne, shi ne aka saba da shi a ma'aikatun Nijar. Wasu kuma sun fara da Q, W, E, R, T, Y, tsarin Ingilishi ke nan, wanda aka gada daga keken rubutu na wajen 1874. Kwamfutocin da ake kawowa daga Kano ko Katsina galibi irin wannan ne. Bambancin ba shi da yawa: A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, harafin M ma ya gusa. A tsarin Faransanci kuwa, sai an danne maɓallin manyan haruffa kafin lambobin jeren sama su fito. Kada wannan ya tsorata kowa. Kwana biyu hannu ya saba.

Babbar matsala ita ce babu ɗaya daga cikinsu da aka yi domin Hausa. Ku nemi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kai, ba za ku gan su ba.

Me ya sa ba za a bar lanƙwasa ba?

Wasu na cewa ai ko ba lanƙwasa ana ganewa. Wanda ya daɗe yana karatu zai gane, gaskiya ne, domin yana cinkar kalma daga maƙwabtanta. Amma mutumin da ya soma haɗa baƙi da wasali bana, abin da ke rubuce shi yake karantawa. A wurinsa kafa daban, ƙafa daban. Kaya ba ƙaya ba ne, fada ba faɗa ba ce. Takardar faɗakarwa ga mata masu ciki da ta rubuta bari a wurin ɓari ta riga ta ɓatar da wadda aka yi ta dominta. Na taɓa karɓar takardun aji da aka bugo mana, duk inda ƙ take sai wani ɗan akwati babu komai ciki. Ɗaliban suka tambaye ni ko sabon harafi ne da ba mu kai gare shi ba tukuna. Sai da muka zauna da alƙalami muka cika su ɗaya bayan ɗaya.

Waɗannan haruffa ba ƙaƙale ba ne. An tattauna daidaita rubutun Hausa a taron Bamako na 1966 da hukumar UNESCO ta kira, kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun a 1999. A Nijar ana rubuta ƴaƴa da ƴ, a Nijeriya kuwa an fi rubuta 'ya'ya. Lafazi ɗaya ne. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, abin da ya ƙara wa daidaita rubutunta muhimmanci.

Maganin ba ya buƙatar sayen sabon abu. Tsarin Unicode, wanda aka soma a 1991 domin bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ya ƙunshi haruffan nan duka, manya da ƙanana. Windows yana da tsarin madannai na Hausa da ake zaɓa a sashen harsuna, akwai kuma manhajar Keyman da ake samu kyauta. A wayar salula, in an saka Hausa cikin Gboard, sai a danne k a ɗan jira, ƙ ta bayyana. Shi kuwa ɗan akwatin nan, alama ce cewa salon haruffan da aka zaɓa bai san harafin ba. A canza salo. Akwai wani mai suna Andika da ƙungiyar SIL ta zana musamman domin masu koyon karatu, shi ma kyauta ne. Kafin a buga takarda ɗari, a buga guda a duba.

Ƙura da wuta

Lokacin hunturu ƙura na shiga tsakanin maɓallai har su ƙage. A riƙa rufe madannai da zane bayan aiki, a kife su a kaɗe, kada a wanke da ruwa. Inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, a zare waya daga bango. Abin da aka rubuta kuma a ajiye shi wuri biyu.

Ina shafin intanet yake kwana?

Ƙungiyar mata ko ta manoma, a Kanambakashe ko a Isawan, tana iya son shafinta don a ga aikinta. Shafi yana zaune ne cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, sau da yawa a wata ƙasa mai nisa. Hayar wuri ake yi a cikinta, kamar hayar rumfa a kasuwa. Sunan shafin ma haya ne, yawanci shekara-shekara ake sabuntawa. Na Nijar yana ƙarewa da.ne, na Nijeriya da .ng. Idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, shafin zai rufe, wani kuma na iya ɗaukar sunan.

Saboda haka a yi rajista da sunan ƙungiya, ba da sunan saurayin da ya gina shafin ba, domin yana iya tafiya ci-rani da kalmar sirri a kansa. A rubuta kalmar sirrin da ranar biyan haya cikin littafin ƙungiya, a ba shugaba da ma'aji su riƙe. A kuma tambayi mai ginin tun farko ko ɓ, ɗ, ƙ da ƴ za su fito daidai a wayar kowa, a sa shi ya nuna kafin a biya shi.