Daskarewar Jini a Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa ga Masu Kumburin Hanji

Wannan lalura tana aukuwa ne idan jini ya daskare a jijiyoyin da ke fitar da shi daga ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake samunta ba, amma haɗarinta ya fi yawa ga masu daɗaɗɗen kumburin hanji, irin su cutar Crohn da aka bayyana a Amurka a 1932. Kumburin kansa yana sa jini saurin daskarewa, musamman lokacin da ciwon ya motsa. Yawan gudawa yana ƙarar da ruwan jiki, zubar jini kuma yana kawo ƙarancinsa, duka biyun kuwa suna ƙara haɗarin.

Alamar da aka fi gani ita ce ciwon kai mai naci, wanda sau da yawa ake rainawa. Wani lokaci sai jijjiga, dishi-dishin gani ko shanyewar ɓarin jiki su biyo baya. Ana gano lalurar da hoton MRI ko CT, ana kuma maganinta da heparin mai hana jini daskarewa.